Bidiyo a Ajin 'Ya'yanmu: A Sayo Talabijin, Amma Rimot Ya Zauna a Hannun Malam

 

Maganar da ta fi cin lokaci a kwamitin ilimi na ƙungiyarmu a 'yan makonnin nan ita ce ta sayen babbar talabijin da sola domin makarantar yamma da muke ɗaukar nauyi, a riƙa nuna wa yara bidiyon darasi a cikin aji. Wasu sun ce lokaci ya yi. Wasu sun ce ɓarnar kuɗi ce, gara a ƙaro malami. Wasu daga cikin dattawanmu kuma tsoronsu kada a mayar da wurin karatu gidan kallo. Tunda babban taro ne zai yanke hukunci, kuɗin kuma na jama'a ne, waɗanda mai shago da mai tura baro da ɗan acaba suka tara da guminsu, na ga ya dace in baje nawa ra'ayin a nan tun kafin ranar domin kowa ya auna. Ra'ayina ne ni kaɗai, ba matsayar shugabanni ba.

A taƙaice, ina goyon bayan a saya. Amma ina da sharuɗɗa, kuma idan ba za mu iya cika su ba, gara kuɗin su ci gaba da zama a asusu.

SU WA KE ZAUNE A AJIN?

Kafin maganar na'ura, mu leƙa ajin tukuna. Duk wanda ya taɓa shiga makarantun unguwanninmu, a Agege ne ko Idi-Araba ko Mile 12 ko Alaba Rago, ya san a benci ɗaya za ka tarar da yaran da babu abin da ya haɗa su sai sunan 'ya'yan Hausawa. Ga wanda aka haifa a nan, Yarbanci da Turancin buroka sun fi Hausa zama a bakinsa. Kusa da shi ga wanda iyayensa suka gudo da shi daga wani ƙauye na Zamfara ko Katsina ko Sakkwato saboda 'yan bindiga, watansa biyu a gari, ko zo in kashe ka ba ya ji da Turanci. Ga mai shekara 14 da ya haddace izu da dama a tsangaya, kansa na ja, amma bai taɓa riƙe biro ba, an zaunar da shi cikin 'yan shekara 7 kunya ta ishe shi. Ga yarinyar da takan yi fashin kwana biyu ko uku a mako saboda talla ko renon ƙanne. Ga ɗan Maraɗi ko Damagaram wanda ɗan bokon da ya taɓa yi da Faransanci ne. Ga Bafulatani ga Babarbare, waɗanda ita kanta Hausar harshe na biyu ce a wurinsu. Can baya kuma ga wani shiru-shiru da kowa ya yanke wa hukuncin daƙiƙi, alhali ciwon kunne ko sanƙarau ne ya rage masa ji tun yana ƙarami, rabin abin da malam ke faɗa ba ya isa gare shi.

Malami ɗaya ne a gabansu, daga shi sai alli da allo. Dole ya bi tafiyar na tsakiya, domin ba shi da wani zaɓi. Masu saurin ganewa su gundura su kama surutu, na baya kuma a bar su a baya. Su na bayan ba sa kai ƙara wurin kowa. Yau ka ga yaro a aji, gobe ba ka gan shi ba, bayan wata shida ka gamu da shi yana dako a kasuwa ko yana yawon jari-bola. Saboda irin waɗannan yaran nake ganin maganar bidiyo ta cancanci a zauna a kanta.

Akwai kuma matsalar harshe, wadda ta fi damunmu mu mazauna kudu. A makarantun gwamnati na nan da Turanci ake koyarwa, sannan tun 2018 akwai dokar Jihar Legas da ta wajabta koyar da Yarbanci a makarantu. Wannan haƙƙin masu masaukinmu ne, kuma alheri ne 'ya'yanmu su ji Yarbanci. Sai dai yaron da ya sauka daga arewa jiya yana fuskantar baƙin harsuna biyu a lokaci guda, ga kuma lissafi da kimiyya suna jiransa. Abin sha'awa, a ƙasar Yarabawan nan aka yi gwajin da ya fi shahara a Nijeriya kan wannan batu. Daga 1970 Farfesa Babatunde Fafunwa da abokan aikinsa a jami'ar Ife suka koyar da wasu yara dukan shekaru shida na firamare da Yarbanci, Turanci kuma a matsayin darasi ɗaya, aka tarar sun fi takwarorinsu da aka juya zuwa Turanci tun da wuri fahimtar karatu, kuma Turancin nasu bai nakasa ba. Ba za mu iya sa makarantar gwamnati a Legas ta koyar da Hausa ba. Amma makarantarmu ta yamma za ta iya toshe wannan ƙofa, ta ba yaro bayanin abin da aka koya masa da safe cikin harshen da yake tunani da shi.

ABIN DA BIDIYO KE YI WANDA ALLI BA YA YI

Hausawa suka ce gani ya kori ji. Akwai darussan da duk ƙwarewar malami baki ba ya iya kai su. Yadda jini ke zagaya jiki, yadda ƙwayar wake ke tsagewa ta fitar da saiwa, yadda wata ke shiga tsakanin rana da ƙasa a yi husufi, duk abubuwa ne masu motsi, zanen allo kuwa a tsaye yake. Yaron da ba ya jin Turanci idan ya ga abin yana faruwa a gabansa ya riga ya kama ma'anar, saura kawai a ba shi sunan. Wani masanin halayyar koyo a Amurka, Richard Mayer, ya shafe shekaru yana gwaje-gwaje a kan wannan, kuma abin da ya yi ta samu shi ne mutane sun fi fahimta idan aka haɗa musu magana da hoto fiye da magana zalla, musamman waɗanda ba su da masaniya a kan darasin tun farko. Ya kuma nuna cewa ƙawa marar amfani, kamar kiɗa da hotunan da ba su shafi darasi ba, rage fahimta take yi. Mu riƙe wannan, za mu dawo kansa wajen zaɓen bidiyo.

Abu na biyu, bidiyo ba ya gajiya da maimaici, ba ya kuma harara. Yaro mai shekara 14 da ke zaune cikin ƙanana ba zai taɓa ɗaga hannu ya ce bai gane ba, gara masa ya koma gida da jahilcinsa. Amma idan aka ba shi dama ya sake kallon bayanin sau uku, babu wanda zai yi masa dariya. Salman Khan, wanda ya kafa Khan Academy, da koyar da 'yan uwansa lissafi ya fara, daga baya ya riƙa ɗora musu bayanin a YouTube a 2006. Shi da kansa ya ba da labarin cewa sun fi son sa a bidiyo fiye da ido da ido, saboda suna iya tsayar da shi su mayar da shi baya ba tare da jin nauyi ba.

Abu na uku, wanda a ganina ya fi kowanne muhimmanci, bidiyo yana ba malami damar raba kansa biyu. Idan rabin aji na kallon bayanin da aka zaɓar musu suna cike tambayoyi a littafi, malam na iya jan benci ya zauna da yara biyar ko shida da ba su iya haɗa baƙi ba. Waɗannan mintoci goma da ya samu da su kaɗai, a tsarin da muke kai yanzu ba ya samun su ko sau ɗaya a wata.

Sai batun furuci. Mun san inda Turanci ke kayar da Bahaushe, wajen bambanta "p" da "f", ko "v" da "b", kuma akwai sashen furuci a jarrabawar Turanci ta WAEC. Idan yaro ya ga bakin mai magana kusa-kusa, ya ga inda leɓe ke haɗuwa da haƙora, ya fi saurin kamawa. Haka abin yake a Islamiyya wajen mafitar haruffan Larabci, da koyar da alwala da siffar salla da aikin Hajji. Manya ma da bidiyo ake nuna wa da yawansu ɗawafi da sa'ayi a wajen bita kafin su tashi.

Game da masu buƙata ta musamman, mu faɗi gaskiya yadda take. Mai ƙarancin ji zai amfana ƙwarai idan aka zaunar da shi gaba, aka kunna rubutun da ke fitowa a ƙasan bidiyo, aka zaɓi wanda hotonsa kaɗai ya isa ya ba da labari. Mai raunin gani kuwa bidiyo zai iya ƙara mayar da shi saniyar ware, sai fa idan malam zai riƙa faɗin abin da ke faruwa a fuskar talabijin da baki, ya kuma ba shi abin da zai taɓa da hannu. Tun Janairun 2019 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu nakasa, amma mu ba sai doka ta tilasta mu ba. Amana ce Allah Ya ba mu, kuma za a tambaye mu.

BA YAU AKA FARA BA

Masu ganin wannan baƙon abu ne su tambayi dattawanmu labarin majigi. Tun zamanin Turawa har zuwa gwamnatin Jihar Arewa, motocin majigi ke shiga gari-gari suna nuna finafinan tsafta da noma a ƙofar fada, irin su Baban Larai da ya koyar da noman auduga. Abin lura shi ne motar takan zo da mai bayani riƙe da lasifika, yana fassara wa jama'a abin da suke gani da Hausa. Tun wancan lokacin an san hoto shi kaɗai ba ya isa. A nan kudu maso yamma ma, lokacin da gwamnatin Cif Obafemi Awolowo ta buɗe gidan talabijin na WNTV a Ibadan a ranar 31 ga Oktoban 1959, ilmantar da jama'a na cikin manyan dalilan da aka bayar.

Akwai kuma inda aka gwada aka sha ƙasa, kuma ya kamata mu san labarinsu kafin mu taɓa kuɗin jama'a. Ƙasar Kwaddibuwa ta mayar da talabijin ginshiƙin koyarwa a firamare daga 1971, aka zuba kuɗi masu yawa, amma zuwa 1982 aka watsar da shirin, bayan tsada ta yi yawa, malamai da iyaye kuma suna ta kukan cewa yara sun iya magana amma rubutunsu ya raunana. A ƙasar Peru gwamnati ta raba wa 'yan firamare dubban ɗaruruwan ƙananan kwamfutoci, binciken da aka fitar a 2012 ya nuna sakamakonsu a lissafi da harshe bai ƙaru ba. Rahoton UNESCO na 2023 a kan fasaha a harkar ilimi shi ma inda ya tsaya ke nan, cewa na'ura ta zama mai taimaka wa malami, kada ta maye gurbinsa. Duk inda aka sa na'ura gaba aka bar malami a baya, asara aka tafka.

AMSA GA MASU ADAWA

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta masu cewa a ƙaro malami. Ina tare da su a abu ɗaya: da a ce zaɓin tsakanin malami nagari ne da talabijin, ko shakka babu malami zan ɗauka. Sai dai lissafin ba haka yake ba. Talabijin da sola sau ɗaya ake saye, albashi kuwa duk wata ne, kuma kowa ya san yadda muke fama kafin mu haɗa na waɗanda muke da su yanzu. Sannan samun mutum ɗaya da ya iya Hausa da Yarbanci da Turanci, ya san lissafi da kimiyya, kuma ya yarda da ɗan abin da muke biya, ba ƙaramin aiki ba ne a Legas. Abin da ya fi dacewa da ƙarfinmu shi ne mu ƙara wa malaman da muke da su kayan aiki.

Masu tsoron lalacewar tarbiyya su ma suna da gaskiyarsu. Amma mu tambayi kanmu, yanzu 'ya'yanmu ba sa kallo? Suna kallo a wayar uwa, suna kallo a wayar yaya, suna leƙen gidan kallon ƙwallo, kuma babu mai tace musu komai. Abin da ake magana a kai yanzu shi ne kallon da malami ya zaɓa, ya gani tun daga farko har ƙarshe kafin yaro ya gani. Hanyar kariya kuma mai sauƙi ce: kada a haɗa talabijin ɗin da intanet ko kaɗan. A sauke bidiyon a waje, a tace, a zuba a filash ko memori, shi kaɗai za a soka. Ta haka babu tallar banza da za ta faɗo a tsakiyar darasi, babu wani bidiyon da zai biyo baya da kansa, babu kuma kuɗin data na kullum. Game da kiɗa da zanen katun, akwai saɓani tsakanin malamai, wannan kuma fagensu ne. A sa limaminmu ko wakilinsa cikin masu tacewa. Bidiyon kimiyya da yawa ma ana iya kashe sautinsu gaba ɗaya malam ya yi bayani da bakinsa da Hausa, kamar dai mai lasifikar majigi.

Masu cewa yara za su zama malalata su daina rubutu, labarin Kwaddibuwa ya nuna tsoronsu na da tushe. Maganinsa doka ɗaya ce: duk bidiyon da aka kalla, sai an rubuta wani abu a kansa kafin a tashi. Wanda bai iya rubutu ba tukuna ya zana, ko ya faɗa da baki a rubuta masa a allo ya kwafa.

Saura wuta da ɓarayi. Don matsalar wuta ne aka haɗa da sola a cikin shawarar, kuma talabijin na zamani ba ta cin wuta sosai. Don ɓarayi kuma a yi mata akwatin ƙarfe mai kwaɗo, mabuɗi a hannun mutum ɗaya da aka sani. In ƙara da wanda ba a faɗa a zaman ba amma kowa ya san shi: ranar da ake babban wasan ƙwallo za a samu masu zuwa aro. Tun yanzu a rubuta cewa ba a aro, ko wane ne.

YADDA DARASI ZAI KASANCE

Domin kada maganar ta tsaya a sama, mu ɗauki darasin minti 40 a kan rabi da kwata a lissafi. Malam ba zai fara da kunna talabijin ba. Zai fara da tambaya: idan mutum huɗu suka sayi burodin Agege guda ɗaya, yaya za su raba kada a cuci kowa? Yara su yi ta faɗin nasu. Sai ya rubuta kalmomi uku ko huɗu da za su ji a bidiyon, da Turanci da Hausa, wanda ya ji Yarbanci ya faɗa wa 'yan uwansa yadda ake cewa. Daga nan ya gaya musu abin da yake so su lura da shi, sannan ya kunna.

Bidiyon kada ya wuce minti biyar ko shida. A 2014 wani masani mai suna Philip Guo da abokan aikinsa suka bi diddigin kallon bidiyon darussa kusan sau miliyan 7 a dandalin edX, suka tarar yawancin masu kallo ba sa wuce minti 6 suna bin bidiyo, komai tsawonsa. Manya ne fa waɗannan, da suka yi rajista da kansu, ina ga ɗan shekara 8 da ya wuni a rana? Ko a cikin mintocin nan malam zai tsayar sau biyu ko uku ya yi tambaya, kuma ya riƙa kiran na baya da suna, kada masu ɗaga hannu su cinye darasin.

Bayan an kashe sai a fito da burodin na gaske, ko takarda a ninke. Mai raunin gani ya riƙe da hannunsa ya ji rabi ya ji kwata. Daga nan aji ya rabu. Waɗanda suka gane su shiga tambayoyi masu ɗan wuya a littafi, ɗan tsangayar nan mai kaifin ƙwaƙwalwa a ba shi ƙanana biyu ya nuna musu, waɗanda ba su gane ba su matso gaba su sake kallo tare da malam. Yarinyar da ta yi fashi kuma a tura wa mahaifiyarta bidiyon a waya ta Xender ko WhatsApp ta kalla a gida. A cikin minti 40 ɗin nan talabijin ba ta ci fiye da goma ba, sauran duk malam ne da yara. Idan kuka shiga aji kuka tarar an kunna bidiyon rabin awa malam na waje yana waya, to an ci amanar kuɗinku.

INA ZA A SAMO BIDIYON?

Akwai na kyauta da yawa. A Maris na 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya tare da UNICEF da Microsoft suka ƙaddamar da Nigeria Learning Passport, wanda ke ɗauke da darussa bisa manhajar Nijeriya, har da na Hausa da Yarbanci da Ibo. Ubongo ta ƙasar Tanzaniya, masu shirin Akili and Me da Ubongo Kids, sun fassara wasu shirye-shiryensu zuwa Hausa domin ƙananan yara. Khan Academy na da tarin darussan lissafi da kimiyya da Turanci, sannan akwai manhajar Kolibri da aka yi musamman domin makarantun da ba su da intanet.

Duk da haka na Hausa ba su da yawa, musamman daga aji huɗu zuwa sama, kuma a nan ne nake kira ga matasanmu. Muna da 'ya'ya a jami'ar Legas da LASU da kwalejin fasaha ta Yaba, muna da masu yi wa ƙasa hidima da aka turo daga arewa. Bidiyon darasi ba ya buƙatar sutudiyo. Waya ɗaya, farar takarda, biro mai kauri, wuri marar hayaniya, sai mutum ya warware lissafi ɗaya cikin minti biyar da Hausa yana faɗin kalmomin Turancin da za su fito a jarrabawa. Idan 'yan uwanmu a Kano sun iya juya fim ɗin Indiya na awa uku zuwa Hausa, bayanin yadda ruwan sama ke samuwa ba zai gagare mu ba. A kiyaye abu biyu kawai: kada a nuna fuskar ɗan kowa sai da izinin iyayensa, kada kuma a ɗauki aikin wani a sa masa murya a yaɗa sai an tabbatar ya ba da dama.

SHARUƊƊAN DA NAKE ROƘON TARO YA AMINCE DA SU

1. Kafin a sayi komai, a ware kaso daga cikin kuɗin domin horar da malamanmu, da ɗan ihsani na lokacin da za su riƙa ɓatawa wajen kallo da shirya darasi. Malamin da ba a horar ba, ko dai ya ƙi taɓa na'urar ko ya mayar da ita mai reno.

2. A kafa kwamitin tacewa na mutum uku ko huɗu: malamin boko, malamin addini, da uwa aƙalla ɗaya. Babu bidiyon da zai shiga aji sai sun gani.

3. Babu intanet a aji, babu bidiyon da ya wuce minti shida a zama ɗaya, babu kallon da ba a bi shi da rubutu ba.

4. A fara da aji ɗaya na zango ɗaya. A farkon zangon a gwada kowane yaro shi kaɗai, ya karanta gajeren labari ya yi lissafi kaɗan, a rubuta inda yake. A ƙarshen zango a sake. Idon mu ya fi tsayawa a kan na ƙasa, domin saboda su aka yi. Idan ba su motsa ba, a dawo gaban taro a faɗi gaskiya, a gyara ko a dakata.

5. A lokacin wannan gwajin a lura da yaran da ake zargin ba sa ji ko ba sa gani sosai, a sanar da iyayensu, ƙungiya ta taimaka a kai su asibiti a duba. Wani yaron tabarau kawai yake buƙata.

6. A ajiye littafin da za a riƙa rubuta ranar da aka kunna, darasin da aka yi da sunan malamin, ma'aji da kwamitin ilimi su riƙa dubawa duk wata.

'Yan uwa, tun 2015 JAMB ta koma yin jarrabawarta gaba ɗaya a kan kwamfuta, kuma 'ya'yanmu da 'ya'yan maƙwabtanmu layi ɗaya za su shiga. Yaron da ya kai wannan matakin ma ya tsira. Damuwata tana kan wanda zai bar makaranta a aji uku saboda an yi ta magana a gabansa da harshen da ba ya ji, ko da muryar da ba ta isa kunnensa, har ya yarda cewa shi ba na karatu ba ne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ina roƙon kowa ya halarci babban taro, musamman iyaye mata, domin su suka fi sanin wane yaro ne ke komawa gida da kuka. Malamanmu kuma su zo su faɗi abin da za su iya da wanda ba za su iya ba, tunda a kansu nauyin zai sauka. Wanda ke da ra'ayi saɓanin nawa ya kawo hujjarsa, a tattauna cikin mutunci kamar yadda muka saba.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba su ilimi mai amfani, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, kudu da arewa. Amin.

Naku,
Sakataren ƙungiya